Kukan Tauraro a Malafar Gambo

A Dandamisa, a shekarun farko bayan Turawa sun naɗe tutarsu, ba a ɗaukar azumi sai Gambo ya buɗe baki. Ba malami ba ne, ba kuma mai sarauta ba. Manomin rake ne mai dafa mazarƙwaila, gajere mai faɗin kafaɗa, ga wata tsohuwar malafar kaba da ba ta barin kansa sai in zai yi alwala ko salla. Amma Allah Ya ba shi ido, Ya kuma ba shi abin da ya fi ido: ba a taɓa kama shi da ƙari a magana ba. Duk ranar ashirin da tara ga Sha'aban, da almuru, sai ya hau tudun da ke yamma da gari ya duba wata. In ya ce ya gani, Liman Malam Uwaisu ya tura mai doki Makarfi a shaida wa hakimi. In ya ce bai gani ba, kowa ya koma gida ya ci tuwonsa da rana washegari. Aikin nan gadonsa ne daga ubansa, kuma wanda ya raba Gambo da tudun nan ya yi masa tsirara a tsakiyar kasuwa.

To, kun san baki shi ke yanka wuya.

A shekarar da nake ba ku labari, Sha'aban ya faɗo cikin sanyi, lokacin matse rake. Wata asuba kafin kiran salla, Gambo yana bakin murhu yana tura busasshiyar tuƙa a wuta, doki yana zagaya injin matse raken, ma'aikata suna kai da kawo da ruwan rake. Sai ga taubashinsa Maiturare, ɗan gwaggonsa, ya jingine keke ya zo jin ɗumi kafin ya kama hanyar kasuwar Ikara. Maiturare ɗan tireda ne, turare da madubi da allura yake sayarwa, amma babbar hajarsa surutu ce, kuma ita kyauta yake rabawa.

Ana cikin haka sai sama ta tsage da haske. Wani ƙaton tauraro ne ya tsinke daga gabas ya nufi wajen Kudan, kore shar, yana zubar da tartsatsi, har inuwar doki ta fito a ƙasa kamar da rana. Kowa ya ɗauki salati. Shi kuwa Gambo ya dafe malafarsa da hannu biyu, don a daidai lokacin da hasken ke wucewa ya ji wani abu dab da kunnensa, shuuu, kamar an saka ƙosai a mai mai zafi.

"Kun ji kukansa?" in ji shi.

"Kukan wa?"

"Na tauraron mana! Shuu ya yi."

Ma'aikata suka dubi juna. Kowa ya gani, amma ko mutum ɗaya bai ji komai ba. Maiturare kuwa ya riƙe ciki ya durƙusa don dariya. "Wayyo Allah, bawana ya tsufa! Yanzu har taurari ke yi maka raɗa? Me ya ce maka, yana gaishe da mutanen gida?"

Da Gambo ya yi dariya ya bar zancen a nan, da shi ke nan. Ina! Sai ya kafe, har da rantsuwa. Kafin rana ta faɗi labari ya kai Ikara a bayan keken Maiturare, ya dawo ya ƙara ƙiba. Ranar kasuwar Makarfi mahauta suna ganin malafa daga nesa suka haɗa baki, "Shuuu!" Wata mai fura ta tambaye shi da gaske ko tauraron ya faɗi yadda daminar baɗi za ta kasance. Gambo ya sayar da mazarƙwailarsa cikin fushi ya dawo gida ko tsire bai saya ba.

Ba a daɗe ba Liman ya aiko kiransa. Malam Uwaisu tsoho ne mai sanyin murya, daga gidan da aka daɗe ana karantarwa, ba ya yanke magana sai ya juya ta ciki da bai. Gambo ya cire takalmi ya durƙusa a bakin buzu, suka gaisa, aka tambayi iyali da sanyi da doki da rake, sannan Malam ya gyara zama.

"Malam Gambo, ka taɓa hango mace tana daka daga nesa?"

"Sosai, Allah gafarta Malam."

"Me kake fara samu, saukar taɓarya ko ƙararta?"

"Sai na ga ta sauka, sannan ƙara ta iso."

"Walƙiya da tsawa fa?"

"Walƙiya ce ke riga."

"Madalla. To, tauraron nan mutanen Kudan sun gan shi, na Furana ma sun gan shi, ka ga ke nan yana can nesa ƙwarai. Yaya aka yi kukansa ya iso kunnenka tare da haskensa, kai kaɗai cikin mutanen da ke wurin?"

Gambo ya sosa ƙeya. Hujja ce mai ƙarfi, shi kansa ya sani.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Malam. "Amma in kunne ya fara kawo wa mutum abin da babu, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, gobe ido ne. Azumin jama'a ba abin wasa ba ne. Ka ce a gaban mutane firgita ce ta sa ka zaci ka ji, sai a wuce wurin, ka hau tudunka kamar kullum. In ba haka ba, bana sai na nemi wasu idanun."

Gambo ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, ya yi sallama, ya tafi gida yana jan ƙafa.

Matarsa Sabuwa ta ajiye masa tuwo da miyar kuɓewa ɗanya, abin da ya fi so a duniya, ya yi loma biyu ya ture kwano. Ta dube shi ta ce, "Malam, wai duk a kan shuu ɗin nan ne? Ai ni ma na ji."

Ya ɗago kai da sauri. "Kin ji?"

"Na fito hura wuta ina tsaye jikin danga. Da hasken ya wuce sai busassun karan suka yi shuu, na zaci maciji ne har na yi tsalle."

"Sabuwa! Duk kwanakin nan ana yi da ni a gari kina zaune? Me ya hana ki faɗa?"

"Wa ya tambaye ni?"

Ya miƙe zai koma wurin Liman a lokacin, ta riƙe masa gefen riga. "Zauna. Shaidar mata a kan mijinta? Kai ma ka san Malam ba zai karɓa ba, sai ma a ce ciwon ya kama gida duka. Ni dai a ganina ba daga sama ka ji ba. Ni daga danga na ji, kai kuma wannan tsohuwar malafar taka ce ta yi kukan, da ma ta bushe kamar ƙirgi."

Bai san abin da zai yi da wannan magana ba, amma ya ji sanyi a ransa. Ashe dai ba haukacewa yake ba. Ya jawo kwano ya cinye tuwon tas.

Washegari da asuba ya nufi gidan Maiturare, don ya ƙudura sai ya wanke shi tas kafin ya fita kasuwa. Ya same shi a ƙofar zaure a kan tabarma, ya tasa akwatin rediyonsa a gaba yana murɗawa yana tsaki. Akwatin nan shi ne na farko a unguwar, daga Zariya ya sayo shi, ya ɗinka masa riga da yadi mai fure, ya ɗaura masa doguwar waya har kan bishiyar ɗorawa. Kullum da asuba yakan kamo wata tasha mai nisa daga ƙasashen Larabawa inda ake karatun Alƙur'ani, muryar tana zuwa tana tafiya.

"Kai, Maiturare, wurinka na zo!"

"Don Allah bawana bar ni da abin da ya dame ni. Akwatin nan ya koyi fito. Ana cikin karatu sai ka ji fiiiu, kamar ɗan kiwo na kiran kare. Na shanya batir a rana, na kai shi Zariya an buɗe an rufe, a banza. Ina jin bakinka ne ya kama shi."

Gambo ya buɗe baki zai rama, amma da yake mai duban sama ba ya barin halinsa, idonsa yana sama. Wani ɗan tauraro ya tsinke, siriri kamar zare. A daidai nan akwati ya yi fiiiu, daga sama sautin ya gangaro ƙasa ya ɓace.

Gambo ya zauna a gefen tabarma ba a ce masa zauna ba. Can wani ya sake wucewa, akwati ya sake yin fito.

"Maiturare, ɗaga kanka sama, kada ka sauke."

"In ga me? Surukanka?"

"Ɗaga dai!"

Ya ɗaga. Suka jira har wuya ya fara ciwo, sannan wani mai haske ya ja layi a kan ɗorawa, akwati ya amsa tare da shi. Maiturare ya saki baki. Ya dubi akwatin, ya dubi sama, ya matsa baya kaɗan daga kayansa na kansa. "La'ilaha illallahu! Gambo, me ka yi wa rediyona?"

Duk wanda ya san Maiturare ya san labari ba ya kwana a cikinsa. Shi da ya yaɗa na farko, shi ya yaɗa na biyu, har da cewa da ma shi ya daɗe yana zargin haka. Asubar da ta biyo baya, tun kafin ladan ya yi gyaran murya, ƙofar gidansa ta cika da maza a lulluɓe da barguna. Liman da kansa ya zo yana dogara sanda, aka shimfiɗa masa buzu.

Malam Uwaisu ba ya sayen akuya a cikin ɗaki. Ya ce, "In ina kallon sama ina saurare, zuciyata za ta haɗa mini su ko ba su haɗu ba. Ku lulluɓe ni." Aka rufa masa bargo har kansa, shi da akwatin a ciki. "Ni zan riƙe kunne, ku ku riƙe ido. In na ji zan ce ga shi. Ku kuma kada wanda ya yi tari sai na faɗa."

Jama'a, abin kallo ne: babban Limamin gari a dunƙule cikin bargo kamar buhun gyaɗa, ga dattawa sun miƙa wuya sama. Aka yi shiru, ba ka jin komai sai ƙaramar muryar mai karatu daga nesa da carar zakaru.

"Ga shi!" in ji bargo.

"Allahu Akbar!" jama'a suka amsa, don tauraro ya wuce ta kudu a kan idonsu.

Ba kowane ya dace ba. Wani lokaci Malam ya ce ga shi, sama ba ta nuna komai ba. Wani lokaci tauraro ya wuce bargo yana shiru. Amma manyan masu haske kam, sau da yawa bakin Malam da idon jama'a tare suke tashi, har kabbara ta koma ihu, wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Da gari ya fara fari Malam ya yaye bargo yana gumi duk da sanyin nan. Ya ce, "Na shaida. Akwatin nan yana jin tsinkewar tauraro a lokacin da ake ganinta, bai jira ƙara ta taso daga nesa ba. Ta wace hanya, Allah ne Masani. Hujjata ta taɓarya ba ta kama shi ba."

Gambo ya washe baki, ya gyara zaman malafa.

"Amma," in ji Malam, "akwati yana da waya har kan ɗorawa, yana da batir a ciki. Kai me kake da shi?"

Gambo ya dafa kansa. "Malafa, Allah gafarta Malam."

Wurin ya kece da dariya, har Malam sai da ya rufe baki da gefen rawani. Da aka lafa ya ce, "Ka gani ko? An wanke tauraro, ba a wanke kunnenka ba. Tambayata tana nan inda take. Ka janye?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce. Mutane ma sun sauko, ba wanda zai ƙara yi masa shuu in ya ce firgita ce. Gambo ya tuna tudu, ya tuna yadda ubansa ke riƙe hannunsa suna hawa, idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, na ji. In na ce ban ji abin da na ji ba don a bar ni in faɗi abin da na gani, to, me za ku yi da ganin nawa?"

Malam ya dube shi. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya miƙe ya ce, "Lokacin salla ya yi. Ranar duban wata kowa ya zo tudu, duk mutum biyu da suka gani su shaida mini. Kai ma ka zo kamar kowa."

Kamar kowa! Kalmar nan ta fi duk shuu ɗin kasuwa yi wa Gambo zafi.

Ranar ashirin da tara ta zo. Tun la'asar sakaliya tudu ya cika, don bana kowa yana jin shi ma mai ido ne. Gambo ya zo a makare ya tsaya can gefe kusa da wata jiɓar gara, ba a wurin da ya saba tsayawa ba. Rana ta faɗi, yamma ta yi ja, ta koma ruwan toka. Ya duba inda ya kamata wata ya tsaya, ya bi wurin da ido a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Babu komai.

"Ga shi can! Wallahi ga shi can!" Maiturare ne yake tsalle yana nuni. Iliyasu tela ya taya shi, "Na gan shi, na gan shi!" Nan take wuri ya rikice, wannan ya ce ya gani, wancan ya ce kamar ya gani, mai doki har ya sa ƙafa a likkafa.

Malam ya ɗaga sanda aka yi tsit. Ya kira Maiturare gefe ya tambaye shi ina ƙahonnin watan suka fuskanta. Ya ce dama. Ya kira Iliyasu shi kaɗai, ya ce hagu, kuma wurin da ya nuna ya fi na Maiturare nisa da tsawon gona guda. Malam ya yi murmushi, ya waiwaya yana neman malafa cikin taro.

"Malam Gambo, ka gani?"

Duk idanu suka dawo kansa. In ya ce ya gani, ya shiga sahun jama'a, an yi murna tare, mai doki ya tafi da sunansa kamar kowace shekara. In ya ce a'a, ya sake zama shi kaɗai, mutumin da ke jin abin da ba a ji ba, ba ya kuma ganin abin da aka gani. Ya ƙara duban yamma sau ɗaya don kada ya zalunci kowa.

"Ban gani ba, Allah gafarta Malam."

Aka fara gunaguni. Malam ya juya wurin mai doki ya ce, "Sauke ƙafarka, je ka ba dokinka ruwa. Gobe talatin ga Sha'aban." Sannan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Na sa wa mutumin nan tudunsa a hannu ɗaya, kalma ɗaya a ɗaya hannun, har sau biyu, ya ƙi saye. Wanda ya ƙi sauke abin da ya ji don kujerarsa ba zai ɗora mana watan da bai gani ba. Malam Gambo, me kake yi a bayan jiɓa? Dawo wurinka."

Gambo ya tako ya tsaya a inda ubansa ke tsayawa. Ya so ya yi godiya, sai ya ja malafa ya rufe fuska, ya ce wai hayaƙin murhu ne ya ɓata masa ido tun safe.

Bayan isha'i akwatin Maiturare ya kawo sanarwa daga Kaduna cewa ba a ga wata a ko'ina ba. Maiturare ya dubi akwatin ya ce, "Kai ma? Ni na saye ka, ni na ɗinka maka riga, amma kullum bayan bawana kake bi!" Ya kashe shi ya tura ƙarƙashin gado, sai da aka kwana biyu suka shirya.

Da azumi ya kama, masu saƙar kaba suka ga ciniki irin wanda ba su taɓa gani ba. Bayan sahur sai ka ga magidanta a ƙofar gida, kowa da sabuwar malafa a ka, rana ba ta ko yi niyyar fitowa ba, sun karkata kunne sama. Ba wanda ya ji komai, don irin wancan ƙaton tauraro ba kullum yake zuwa ba. Sabuwa ta ce ai nasu sababbi ne, ba su bushe ba.

Maganar nan ta kai kunnen Liman. Wata asuba Gambo zai wuce masallaci, Malam Uwaisu ya kira shi daga ƙofar zaure, ya yi ta kewaye-kewaye a kan sanyi da farashin rake, sannan ya ce ko zai ara masa tsohuwar na ɗan lokaci. Gambo ya cire ta da hannu biyu ya miƙa. Malam ya ɗora ta a kan rawani, ta zauna a karkace, ya ɗaga kai sama.

Bayan sati Gambo ya zo karɓa, kansa duk ya sha rana.

"Allah gafarta Malam, an ji wani abu?"

"Ko ƙwas ban ji ba," in ji Malam, ya dafe malafar kada a ɗauke. "Amma tunda kai ka ce ka ji, akwai shi. Bar mini ita zuwa Salla."